Birnin da ya ɓace da gimbiyar da ba ta tsufa

 Cikin watan nan saƙo uku ya zo mini a kan magana ɗaya. Wata uwa daga Kumasi ta ce 'yarta mai shekara 15 ta daina barci da wuri, kullum kunne a toshe tana sauraron wani littafi da ake karantawa a YouTube, labarin wani jarumi da ya tafi neman birnin da ya nutse cikin rairayi domin ya samo sadakin gimbiya. Wani Alhaji mai shagon atamfa a Garwa ya ce yaron shagonsa har canji yake mantawa saboda irin wannan karatu. Na ukun malamin Islamiyya ne a Lome, shi tsafin da ke cikin littattafan ne ya dame shi. Tambayarsu duka ita ce: a hana, ko a ƙyale?

Ga wanda bai san su ba, bari in bayyana su. Ƙananan littattafai ne sirara, ba su kai kaurin littafin da muke rubuta bashi a ciki ba, ana fitar da su kashi-kashi: na ɗaya, na biyu, na uku, kowanne ya tsaya daidai inda takobi ya ɗaga sama bai sauka ba. A kasuwannin Kano ana ce musu littattafan yaƙi ko na almara, don a bambanta su da na soyayya zalla, kuma duk mai bin su ya san sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini. Yanzu takarda ta ja baya, sun koma cikin waya. Wasu ana tura su a WhatsApp shafi-shafi, wasu sai ka biya kafin a saka ka cikin rukunin masu karatu, wasu kuma wani mai murya ne yake karanta su awa biyu ko uku ba hutu. Tsarin labarin kusan ɗaya ne. Saurayi ba shi da komai, ya ga 'yar sarki, sarki ya ɗora masa sharaɗin da ba ya yiwuwa: ya kawo zobe, ko takobi, ko ruwan wata rijiya da ke cikin birnin da shekara dubu ba wanda ya ga ƙofarsa. Ya kama hanya, ya haɗu da tsoho mai ba da shawara, ya ƙetare dajin da ba a shiga, ya yi karo da boka da aljani. Daga ƙarshe ya dawo da raƙuma niƙi-niƙi da zinariya, a ɗaura aure.

Kafin mu ɗauki bulala, mu tuna cewa wannan abu ya girmi wayar salula nesa ba kusa ba. A 1933 ofishin talifi na Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, kuma cikin littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin bai wuce shekara 22 da 'yan kai ba. Me ke cikinsa? Alhaji Imam ne ya bar gida neman wani ruwa da aka ce zai warkar da ɗan sarki, ya yi shekaru yana yawo gari-gari, shi da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe suna yi wa juna ƙeta, har ya dangana da ƙasar aljanu. Gandoki na Bello Kagara ma haka: an fara da yaƙi da Turawa, daga baya jarumi ya dangana da can gabas yana fafatawa da aljanu. Kafin su kuma akwai tsohon labarin Larabawa da Hausawa suka sani da Malikus Saifi, inda aka ce sai jarumin ya kawo Littafin Kogin Nilu kafin a ba shi Shama. Wato sadaki mai wuya da tafiya mai nisa da taimakon aljana duk suna nan tun ɗaruruwan shekaru. Alhajin da yake faɗa da yaron shagonsa, in ya yi firamare a Nijeriya, da wuya a ce bai karanta Ruwan Bagaja a aji ba, malami na tsaye a kansa.

Ni abin da nake gani a cikin littattafan nan shi ne mu. Labarin fatake ne aka sa masa rawani da takobi. Duba dalilin da ke fitar da jarumi daga gida: yana son yarinya, abin da aka ɗora masa ya fi ƙarfin aljihunsa. To mu nawa ne a zangon nan lefe da sadaki suka koro? Tsohon da yake zaune a mararraba yana cewa bi nan, kar ka bi can, in ka isa wuri kaza kar ka sha ruwa, ai jagaba ne, mutumin da ayarin Gwanja ba ya tashi sai da shi, shi da madugu da uban dawaki. Aljanin da ke tsare ƙofar birni, wanda ba ya barin ka wuce sai ka amsa tambaya uku ko ka ajiye wani abu mai daraja, kowa a cikinmu ya haɗu da shi, sanye da kaki, a tsakanin Seme da Aflawo. Birnin da mutanensa ke magana da harshen da jarumi bai taɓa ji ba, sai wani mai tausayi ya ja shi gidansa ya ba shi ɗaki ya nuna masa yadda ake ciniki a garin, wannan ai maigida ne na zango, wanda ke saukar da baƙo, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa a kan bashi. Har abokin tafiyar da ke cin amana a daren ƙarshe, ya gudu da jaka, kai, wannan ba sai na yi bayani ba.

Shi ya sa ban yi mamakin yadda yaranmu suke manne musu ba. Yaron da aka haifa a Birikitari ta Yawunde ko a Nima ta Ankara ya tashi yana jin ana cewa "gida", ana nufin Kano ko Damagaram ko Sakkwato, wurin da bai taɓa gani ba ko ya gani sau ɗaya yana goye. Ana ba shi labarin ganuwa da hawan salla da gidan kakansa mai soro uku. A wurinsa wannan ma birni ne da ya ɓace, yana can bayan iyakoki biyu, sai da takardu da guzuri ake isa. In ya ji jarumi yana neman birnin kakanninsa, akwai abin da ke motsawa a ransa wanda shi kansa ba zai iya faɗa maka ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ita ce ta fi sa ni taka-tsantsan da kalmar "a hana". 'Ya'yanmu a Gana da Turanci suke karatu, a Kamaru da Chadi da Binin da Togo galibi da Faransanci, a Islamiyya da Larabci. Hausarsu ta baki ce, ta cefane da aike da wasa. Ina za su ga rubutacciyar Hausa? Ba jarida a zango, ba littafin aji. In ka ga yarinya a Kumasi ta iya karanta shafi guda na Hausar boko ba ta yi tuntuɓe ba, ta san bambancin ƙ da k, bincika, sau da yawa irin waɗannan labarai ne suka koya mata. A cikinsu take tsintar kalmomin da ba a faɗa a kasuwar Kejetiya: sulke, kwalkwali, kwari da baka, ganuwa, fadawa, zaure, ƙasaita. Gaskiya ne rubutun da yawansu ya cika kura-kurai, a haɗe kalmar da ya kamata a raba, a raba wadda ya kamata a haɗe. Amma in ka ƙwace wannan ba ka miƙa mata wani ba, fim ɗin Indiya da TikTok ne za su cike gurbin, ba Ahalari ba.

Malam na Lome, damuwarka tana da tushe, ban raina ta ba. Sai dai a yawancin waɗanda na karanta boka shi ne mugu, shi ne ake karyawa a ƙarshe, kuma sau da yawa marubucin yakan rufe da cewa mutanen birnin sun bar tsafi sun karɓi addini. Yaron da ya san karatunsa ba zai ɗauka zoben da ke kiran aljani gaskiya ne ba, kamar yadda mu ba mu ɗauka Gizo yana magana ba. Inda ya kamata iyaye su sa ido sosai shi ne wasu rukunonin WhatsApp da ake sayar da labaran batsa da sunan soyayyar aljani da mutum. Waɗannan daban ne, kuma shafi biyu za ka karanta ka gane su. An taɓa gwada ƙona littattafan soyayya bainar jama'a a Kano a 2007, to ga shi yau suna cikin aljihun kowa.

Abin da ya fi aljanu damuna a cikin littattafan guda biyu ne, kuma dukansu sun shafi gidajenmu kai tsaye.

Na farko dukiya. A ƙarshen labari jarumi yakan tarar da ɗaki cike da zinariya da lu'ulu'u, ba mai ita, ya loda ya tafi. Bai sara ba, bai sayar ba, bai yi asarar ko buhu ɗaya ba. Wahalarsa duka ta hanya ce da ta faɗa, da zarar ya isa shi ke nan, arziki ya tabbata har jikoki. Wannan darasi ne mai haɗari ga ɗan kasuwa, mutumin da rayuwarsa ribar sefa ɗari biyu ce a kan turmi, a tara a hankali. Kuma abin mamaki, tsohon labarin da duk waɗannan suka sha nono a wurinsa bai koyar da haka ba.

Ina nufin labarin Birnin Tagulla da ke cikin Dare Dubu da Ɗaya. Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya ji labarin tulunan tagulla da Annabi Sulaimanu ya kulle aljanu a ciki, sai ya aiki gwamnansa na yammacin Afirka ta Arewa, Musa ɗan Nusairu, ya nemo su. Aka ɗauki wani tsohon shehi masanin hanya, Abdussamad, suka shiga hamada, suka ɓata, har suka ci karo da wani birni mai doguwar ganuwa wanda ba a ganin ƙofarsa daga waje. Da ƙyar suka shiga, bayan an rasa mutane a kan ganuwar. Me suka tarar? Kasuwanni a buɗe, alharini da turare da zinariya a jere, 'yan kasuwa kuma kowa na zaune a shagonsa a bushe, matacce. A fada suka sami sarauniya kwance a kan gado cikin ado kamar mai rai, da allo a gefenta da ke bayyana abin da ya faru. Fari aka yi shekara bakwai a jere. Suka cinye hatsi, suka cinye dabbobi, sarauniya ta auna dukiyarta ta aika amintattu ƙasa-ƙasa su sayo abinci, suka dawo da dukiyar ba su sami mai sayarwa ba. Sai suka rufe ƙofofi suka zauna jiran ajali. Allon ya yarda baƙo ya ɗebi abin da ya ga dama a birnin, amma kar ya taɓa abin da ke jikin gawar. Ɗalibu ɗan Sahlu, wanda shi ne ma ya fara kawo wa halifa labarin, kwaɗayi ya ja shi ya hau matakala zai cire kayan adon, mutum-mutumin da ke gadi suka sare masa kai. Musa kuwa da ya kammala aikinsa ya bar mulki ya koma Baitul Muƙaddas yana ibada har ya mutu.

Ka ji yadda na da suka ba da labarin birnin da ya ɓace. Mai karatu yana fitowa jikinsa a sanyaye, yana tunanin ranar da kuɗi ba za su sayi mudu ɗaya na gero ba. Na yanzu sun riƙe ganuwar da zinariyar, sun jefar da allon.

Kar a ce ina ɗora wa ƙaramin littafi laifin da ya fi shi. Ban ce shi ke tura yara daji ba, talauci da rashin aiki sun ishe su dalili. Amma mafarkin iri ɗaya ne. A arewa maso gabashin Nijar akwai Jado, tsohon gari na gine-ginen ƙasa da ya zama kango, ba kowa ciki sai dabino da sauro. A 2014 aka ga zinariya a yankin, cikin 'yan watanni dubban samari daga Nijar da Chadi da Sudan da Nijeriya suka kwarara can da na'urar gano ƙarfe, inda jarkar ruwa ta zama abin da ake cinikinta kamar gwal ɗin. Wasu sun samu, ba a musu. Da yawa sun dawo da bashi, wasu har yau ba a ji ɗuriyarsu ba. A 2017 gwamnati ta rufe wurin. A Kuri Bugudi kuma, can arewacin Chadi kusa da iyakar Libiya, rikicin da ya ɓarke tsakanin masu haƙa a watan Mayun 2022 ya ci mutum kusan 100 bisa faɗar gwamnatin Chadi da kanta. Wanda bai iya zuwa hamada ba, an kawo masa taskar har cikin waya: MMM ta daskare da kuɗin mutane a Nijeriya a Disambar 2016, Menzgold ta Gana hukuma ta dakatar da ita a 2018, mutane na ta kuka. Banza ba ta kai zomo kasuwa, mun sani, amma yaron da ya ji labari ɗari da ke ƙarewa da ɗakin zinariya marar mai shi, kunnensa ya riga ya saba da kiɗan.

Na biyu, kuma wannan da ku nake, Hajiyoyi, ita ce gimbiyar da ke jira. Jarumi zai tafi shekara bakwai, wani lokaci goma sha biyu. Marubuci zai bi shi taki-taki, kowane daji, kowane sara. Ita kuwa layi biyu ake ba ta: tana zaune a bene tana kuka, ta ƙi cin abinci, ta ƙi kowane mai neman aure. Ya dawo ya same ta yadda ya bar ta, ko furfura ɗaya babu, ba ta bin kowa bashi, ba wanda ya gaya mata baƙar magana. A hanya kuma shi ya auri 'yar sarkin aljanu da wata jaruma da ya kayar a fagen fama, ya taho da su, ita kuma ta tarye su da murna.

Haba jama'a. Wace mace ce a cikin masu karanta wannan shafi ba ta san ainihin jira ba? Miji na Libarbil ko Abijan, ita tana Maraɗi a ɗakin da ke kallon na uwar miji. Kuɗin makaranta ya zo, yaro ya kwana da zazzaɓi, abin da aka turo ya ƙare tun ran goma ga wata, in ta yi magana a ce ba ta da haƙuri. Shekara biyu, uku, sai hoto a waya. Wata rana ta ji a bakin 'yan unguwa cewa ya yi amarya a can. Wannan jiran yana tsofar da mutum, yana cinye ƙuruciya, kuma ba a rubuta shi. Shari'a ma ba ta ɗauki jira abin wasa ba. A mazhabar Malikiyya da muke bi, matar da mijinta ya ɓace ba a san inda yake ba tana kai ƙara wurin alƙali, a bincika, in ba a same shi ba a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta sami damar yin aure. In kuwa bai bar mata abin ci ba, ba sai ta kai wannan tsawon ba, tana da haƙƙin neman a raba. Malamai sun san mace ba dutse ba ce. Littafin almara ne kawai yake koya wa yaro namiji cewa duk daɗewar da ya yi zai tarar da komai a inda ya ajiye, ya kuma koya wa yarinya cewa soyayya ita ce ki zauna shiru har a dawo.

In faɗi gaskiya, an fara samun canji. A wasu sababbin labaran yarinyar ce ke ɗaura ɗamara ta bi sawu, ko ita ce ma ta san hanyar birnin, shi yana biye. Mata marubuta sun yi yawa a wayoyin nan, kuma in mace ta riƙe alƙalami gimbiya takan sami baki. Na fi son waɗannan nesa ba kusa ba, ko da yake su ma wani lokaci sai su mai da ita namiji mai kitso, sara da suka kawai, ba ta da uwa ba ta da ƙanne. Jarumtar da na sani ta matan zango daban ce: wadda ta riƙe gida da tuyar ƙosai da adashi shekara biyar, ta aurar da 'ya, mai gidan na can yana neman birninsa.

To me zan ce wa masu tambaya? Hajiya ta Kumasi, kar ki ƙwace wayar. Ki sa mata lokaci, dare na barci ne, wannan ba ciniki. Amma ki ce ta cire abin kunnen ta sa a fili ku ji tare kina tsinke alayyafo. In aka zo inda jarumi ya kwashi zinariya, tambaye ta: ta wace ce? Masu ita ina suka tafi? In aka zo kan gimbiya, ki ce: shekara bakwai ɗin nan, wa ke ba ta abinci? Za ki sha mamakin amsar 'yar shekara 15. In da hali, duk wanda zai je gida a ba shi sautun Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ta ga yadda ake jera Hausa. Alhaji na Garwa kuwa, yaron da ke manta canji ba littafi ne matsalarsa ba, ka ce ya ajiye waya a aljihu har a rufe shago, kamar yadda za ka ce wa mai kallon ƙwallo.

Sauran maganata da marubutan ce, don na san wasunsu na leƙa wannan shafi. Kullum birninku yana bayan Dutsen Ƙaf ko ƙarƙashin teku na bakwai, sunan sarkinsa ba ya faɗuwa a baki. Alhali ga birane nan a ƙasarmu da suka tashi suka faɗi. Ga Surame ta Kanta, ganuwarta ta dutse na nan a daji yamma da Sakkwato. Ga Alƙalawa ta Gobir da Birnin Gazargamu na Barno, waɗanda yaƙe-yaƙen jihadi suka tashe su wajen 1808. Amma wanda ya fi kusa da mu, mu fatake, shi ne Salaga.

A ƙarni na 19 in Bahaushe ya ce za shi Gwanja, Salaga yake nufi. Ayari kan tashi daga Kano da jakuna ɗaruruwa, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi wata da watanni a hanya, a sauka a can a sayi goron da ke fitowa daga dazukan Asante. Gari ne mai rijiyoyi barkatai da malamai da masu masauki, kuma, kar mu ɓoye, babbar kasuwar bayi ce. Me ya kashe kasuwar? Ba aljani ko ɗaya. A 1874 Ingilishi suka ci Kumasi da yaƙi, Salaga ta ɓalle daga ikon Asante, goro ya canza hanya ya koma wasu kasuwanni irin su Kintampo. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarauta, baƙi suka watse, wasu Yeji, wasu Kete Karachi, wasu suka gangara kudu. Sannan jirgin ruwa ya fara ɗaukar goro daga gaɓar teku zuwa Ikko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, jaki ya rasa aiki. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a wannan ƙasa yana saurayi, yana cikin waɗanda suka gane da wuri suka bi ta ruwa, daga baya ya shiga gyaɗa. Salaga tana nan har yau, gari ne da mutanensa, amma waccan kasuwar da ake ba da labarinta daga Barno har Timbuktu ta tafi. Wanda ya ga yadda garuruwan bakin iyaka suka yi tsit da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, ko yadda gadar Gaya da Malanbil ta koma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, mutane na tsallaka kogi da kaya a kwalekwale, ya san ba tatsuniya nake yi ba.

Cikin waɗanda suka bar Salaga akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma mawaƙi da Hausa da Larabci, wanda ya zama limami a Kete Karachi har ya rasu a 1934. Zangon Kete ya cika, ya yi kasuwa, ya yi masallatai da makarantu. Shekara talatin bayan rasuwarsa aka datse kogin Bolta a Akosombo, aikin ya kammala a 1965, ruwa ya taso a hankali ya mamaye ƙasa mai faɗi, aka tashi mutum wajen 80,000 daga garuruwansu. Tsohon Kete Karachi na cikin waɗanda ruwan ya ci, aka gina sabo a kan tudu. Wato yau akwai zangon Hausawa, da lungunansa da rijiyoyinsa da wuraren da aka auna goro, kwance a ƙarƙashin tafki, masunta na wucewa ta kansa da kwalekwale. Akwai tsofaffi a Gana da aka haifa a cikinsa, suna da rai, za su iya nuna maka da yatsa daidai inda ƙofar gidansu take.

Ga birni da ya nutse, na gaske, mai suna da shekara. A sa saurayi daga Kano da ya zo neman takardar gidan kakansa, a sa yarinyar zango da ta san ruwan ta kuma san harsuna uku, a sa kakarta da ta jira wani madugu da bai dawo ba. In ana son aljani ma a sa, ruwa ba ya rasa su. Duk wanda ya rubuta shi ya turo mini kashi na ɗaya, ni zan fara biya.